Gadon da Na Gina wa Rahima

Juma'a, 3 ga Oktoba, da hantsi

Na yi sabon miji. Jiya da la'asar ya sauka a Gashuwa. An ce baƙi ne wuluk, ga baki kamar na tarwaɗa, kuma ko ɗan kamfai bai zo da shi ba. Duk da haka ina so. Na ce wa maigidana Goni ya fara naɗe buzunsa, na sami yaro ɗanye. Bai ko ɗago daga allonsa ba, ya ce, "Hajja Asta, duk jikan da aka haifa sai kin kore ni, ga ni nan har yau ina cin tuwonki."

Rahima ce ta sauka, autata, haihuwar fari. Yaron ya riga lissafina, shi ya sa ya tarar da ni ban shirya komai ba. Mijinta Ridwanu ya aiko cewa ranar Litinin zai kawo ta wanka, a nan za ta yi arba'in ɗinta, taron suna na mata kuma ranar Alhamis a tsakar gidan nan.

Tsakar gidan da na fita na duba yanzu, na ji kunyar kaina. Damina ta bar mana tafasa har gwiwa. Zanar bayi ta ruɓe. Ɗakin da mai jego za ta zauna kuwa ɗana Usaini ya mai da shi makabartar babura. Ƙanwarsa ta haihu, shi ko budurwa ba shi da ita, sai taya da baƙin mai. Na ce kafin azahar in ga ɗakin wayam, ko in sayar da shi da ƙarafan nasa a kan sikeli ɗaya.

Juma'a, bayan la'asar

Ciyawa ta tafi. Bayana ma ya tafi da ita.

Asabar, 4 ga Oktoba, da azahar

Tun da sanyin safiya Ya Kaltum maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta gaishe ni da Barbarci. "Wushe, Fulata, baiwata. An ce kin zama amarya, ga ki kamar an tono ki." Na ce Babarbariya, in kin gama zagin uwargijiyarki ki zagayo, akwai laka.

Gado muka gina. Gadon ƙasa na mai jego, mai rami a ƙarƙashi inda ake zuba garwashi, ta kwanta a kai jikinta ya gasu. A kan irinsa na yi jegon 'ya'yana duka, a kan irinsa yayyen Rahima suka yi nasu. Tsohon ya rushe tun bara waccan. Usaini ya ɗebo laka a bakin kududdufi, muka cuɗa da ciyawa, muna takawa zani a ɗage kamar yara. Kaltum ta ce ƙafafuna kamar na belbela. Na ce nata kuwa da za a kai kasuwar Talata da an yi zaton turame ne.

Usaini ya ce, "Iya, yanzu wa yake wannan abin? Ga katifa."

Na ce katifa ta taɓa gasa wa mace ciki? Ɗebo laka.

Ya yi kyau. Na shafe samansa da tafin hannuna har ya yi sumul. Na yi masa ɗan tudu wajen kai, don Rahima ba ta son matashi mai laushi tun tana ƙarama.

Asabar, gab da magariba

An kira Usaini a waya muna cikin ɗaura sabuwar zana. Ya duba, ya fita zaure. Da can a gabana yake amsa kowace waya, har ta masu zaginsa a kan babur. Ya dawo ya ce ba komai, wai sai Talata za su zo. Sannan ya tsaya yana wanke hannu a bakin rijiya, hannun da babu abin da ya taɓa.

Lahadi, 5 ga Oktoba, da yamma

Yau ban zauna ba ko na cin goro. An shafe ɗaki da farar ƙasa. Amalanken itace ya zo, mun jera shi jikin katanga har ya fi Goni tsawo, wanda ba abin yabo ba ne ga itacen. Usaini ya hau darbejiya ya sassaro reshen da ke taɓa rufi, na ware ganyen da za a riƙa fyaɗa ruwan zafi da shi. An wanke rabin duron dafa ruwa. Na aika kasuwa an sayo kanwa ungurnu mai kyau, na surfa gero. Kaltum ta kawo turaren wuta, wai kada jaririn ya buɗe hanci ya fara da warin nono irin na gidan Fulani.

Mai kanofi ya zo ya auna tsakar gida da ƙafa. Matan unguwa sun fitar da anko, shuɗi mai ganye-ganye.

Na ce a kira min Rahima in ji muryarta. Usaini ya ce tana barci. Da safe ma barci take. Wannan yarinya da ba ta iya barcin rana ko an ɗaure ta.

Litinin, 6 ga Oktoba, da hantsi

Na share tsakar gida. Gado yana bushewa.

Talata, 7 ga Oktoba, bayan azahar

Ba su zo ba.

Na tare Usaini a bakin rijiya na riƙe masa guga. Na ce ni na haife ka, tun kana satar ƙuli-ƙuli na san inda idonka ke zuwa in za ka yi ƙarya. Sai ya faɗa. Tun ranar Asabar aka mai da ita asibiti. Ƙafa ce ta ɗan tashi, in ji shi, sai kuma numfashi. Yaron yana lafiya, yana hannun Nabila, yayar Ridwanu.

Goni ya sani tun ranar. Shi ya sa tuwonsa ke dawowa da saura, ni kuwa ina ta yi wa miyata sharri.

Ƙafa ai kowace mai jego tana tashi. Sanyi ne ya shige ta, an bar yarinya kwana da kwanaki babu ruwan zafi babu kunu. Gobe zan je da kaina.

Laraba, 8 ga Oktoba, da yamma

Hanyar Gashuwa sai addu'a. Direban yaro ne mai kan kwakwa, ya cusa mu huɗu a baya da wata mata mai kwandon bandar kifi, har yanzu mayafina yana kiran kuliyoyi. A Jajimaji ya tsaya wai zai sha ruwa, ashe budurwa gare shi a wurin. Na leƙa na ce masa ɗan nan, in ka gama ka tambaya mana ko tana da ƙanwa, ina da wani gwauro a gida. Mota duk aka yi dariya. Gero ya yi kyau a gefen hanya bana. Shanu sun ƙoshi.

Na ga mijina. Ƙarya aka yi masa, ba shi da bakin tarwaɗa. Ya kama yatsana ya ƙi saki, na ce ka ga mayen, tun yanzu.

Na gan ta.

A zaune take, an tara mata matasai a baya. Sun ce ba ta iya kwanciya. Akwai wata 'yar roba a hancinta. Ta ce, "Iya," sai ta huta, sannan ta ce, "kin sha hanya."

Tun asuba na dama kunun kanwa na cika filas, na rungume shi a cinya tun daga Nguru. Na zuba a murfi na miƙa mata, ta karɓa da hannu biyu. Har ta kai baki sai ga wata nas kamar an jefo ta. Ta sunsuna, ta ce, "Mama, mene ne wannan?" Na ce abin da uwarki ta sha ta samu ƙarfin haifo ki. Ba ta yi dariya ba. Ta karɓe murfin daga hannun Rahima, ta ce ko ɗigo kada ya shiga bakinta, zuciyarta ba za ta ɗauka ba.

Ridwanu yana tsaye a bakin ƙofa. Ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba a gabana, amma na ga inda idonsa yake. A kan filas yake.

Na dawo da kununa. Na ba wa awaki.

Alhamis, 9 ga Oktoba, bayan la'asar

An raɗa suna a Gashuwa da safe, Goni da Usaini sun je. Dauda.

Na manta ban hana mai kanofi ba. Da hantsi sai ga shi da kujerun roba, ya kafa abinsa yana waƙa. Ban iya ce masa ya cire ba. Matan da labari bai kai musu ba suka fara shigowa cikin shuɗi mai ganye-ganye, wata har da guɗa tun daga zaure. Kaltum ce ta tsaya a bakin ƙofa tana yi musu raɗa ɗaya bayan ɗaya. Suka zazzauna shiru a ƙarƙashin kanofi kamar masu jiran allura. Na dafa burabusko na ba su, tunda an riga an jiƙa. Na ba su labarin direba mai kan kwakwa, suka yi dariya, ni ma na yi.

Wata ta ce a nuna mata ɗakin mai jego. Ta shafa gadon ta ce rabonta da ganin mai kyansa tun tana yarinya.

Juma'a, 10 ga Oktoba, da safe

Na share tsakar gida. Ganyen darbejiya ya bushe, na zubar. Bishiyar tana nan, a sake sarowa.

Asabar, 11 ga Oktoba, da azahar

Zama ba ya yi min. Na sa Usaini ya yi wa ƙofar zaure fenti. Na mai da randa gabas, na ga ba ta yi ba, na dawo da ita. Na tone kwatar da ba ta toshe ba. Goni ya ce in na gama da gidan in zo in yi masa fenti shi ma. Na ce tsohon bango ba ya riƙe fenti, Malam.

Usaini ya ce an cire robar hanci.

Litinin, 13 ga Oktoba, bayan magariba

Gado ya bushe ƙarau. Na zuba garwashi kaɗan don in gwada. Ko tsaga ɗaya bai yi ba. Na kwanta a kai na ɗan lokaci.

Laraba, 15 ga Oktoba, da hantsi

Na share tsakar gida. Kaltum ta leƙo ta ce, "Fulata, ƙasar za ta ƙare."

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan la'asar

Ridwanu ya zo bayan masallaci. Bai wuce zaure ba. Ya gaishe ni daga can, na amsa daga nan, kamar kullum. Suruki ba ya kallon idon surukarsa ya gaya mata magana mai nauyi, ni ma ba zan fita in tsaya masa a ka ba. Sai muka mai da Usaini ɗan aike, yana zuwa yana dawowa tsakanin zaure da gindin turmi kamar kazar da ta rasa wurin ƙwai.

"Iya, ya ce jiki da sauƙi, ana sa ran sallama mako mai zuwa."

Na ce alhamdu lillahi, ka ce masa ɗaki yana nan a gyare.

Ya tafi, ya daɗe, ya dawo yana sosa ƙeya. "Ya ce wai gidan Nabila za ta zauna. A can Gashuwa."

Na ce uwarta ta mutu ne?

"Iya, in faɗa masa haka?"

Na ce faɗa masa. Ban san abin da ya faɗa ba, na dai ji Goni ya yi gyaran murya.

Ya dawo. "Likita ya ce babu wankan ruwan zafi, babu kanwa, babu gishiri, babu kwanciya a kan wuta. Magani kawai da hutu, kuma a riƙa kai ta ana dubawa."

Na ce to sai me? A nan ba a iya hutu?

Usaini ya dubi itacen da ke jikin katanga, ya dubi rabin duro, ya dubi ƙofar ɗakin. Ya ce, "Ya ce ya san Hajja don ƙauna take yi. Amma ya ga filas."

Na shiga daka barkonon da ba na buƙata, har Ridwanu ya yi sallama ya tafi ina atishawa.

Asabar, 18 ga Oktoba, da safe

Haihuwar fari, a wanke ta a gidan dangin miji, uwarta na raye tana taka ƙasa. A Nguru kaf wa aka taɓa yi wa haka? In fita unguwa in ce me? Mu da aka gasa mu, ga mu nan. Ni ce nan na yi wanka ruwa na tafasa, ganye na fyaɗa, ko gezau.

Yaran yanzu da likitocinsu.

Asabar, bayan azahar

Na sake zuba garwashi. Ban san dalili ba.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da hantsi

Rahima ta kira da kanta. Muryar ta dawo, sai dai tana tsayawa a tsakiyar magana kamar mai hawan tudu. Na fara yi mata tsiya, na ce ki gaya wa mijina ya yi haƙuri, an raba mu, amma ina nan ban yi wani auren ba. Ta yi 'yar dariya, tari ya biyo.

Ta ce, "Iya, gida nake so. Wallahi gida nake so. Nabila tana ƙoƙari, amma ba ke ba ce."

Na ce to ki gaya wa mijinki.

Sannan ta ce, "Ran nan da kika miƙo min kunun, na san an hana ni. Tun kafin ki zo aka gaya min. Amma ke kika miƙo. In kika ce in hau gadon nan, hawa zan yi, Iya. Ban iya ce miki a'a ba."

Na ce cajin wayar ya kusa ƙarewa. Usaini yana kusa, ya san a cike take.

Da hannu biyu ta karɓa. Na gani da idona.

Litinin, 20 ga Oktoba, da yamma

Ban share ko'ina ba yau.

Talata, 21 ga Oktoba, bayan azahar

Da safe na leƙa katanga na ce Babarbariya, zo da taɓaryarki. Ta zo tana tambaya gero ne ko dawa. Na kai ta ɗakin. Ta dube ni, ta dubi gadon, ta ce, "Asta, ƙafata har yau ciwo take saboda lakar nan." Rabon da ta kira ni da sunana har na manta.

Na ce ke dai ɗaga.

Mun gina shi da kyau, shegen. Bugun farko taɓarya ta dawo min har kafaɗa. Sai da muka jera kamar masu lugude, ni in sauke ita ta ɗaga, kafin ya fara tsagewa. Ƙura ta tashi, toka ta tashi. Kaltum ta fara waƙar daka da yarensu, na ce in zagina kike Allah ya isa, ta ce zaginki nake. Wajen tudun kan ne na ce ta dakata, ni na ƙarasa shi.

Goni ya leƙo da carbi a hannu ya ce wane irin tuwo ne yau haka. Da ya ga abin da muke yi sai ya koma. Can sai ga shi da kwandon shara, yana kwashe ɓaraguzai da hannunsa. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin mutumin nan ya ɗauki kwando ba.

Kanwar na aika wa Abbo, ɗan ƙanena mai shanu, su lasa. Rabin duro na mirgina wa Kaltum. Sannan na zaɓi gutsure guda mai kyau a cikin ɓaraguzan, mai baƙin hayaƙi a jiki, na ƙulle a leda na ba Usaini. Na ce hau babur ka kai wa surukina, ka ce ga tsaraba daga Nguru.

"In ce masa me kuma?"

Na ce ya yi makaranta, zai karanta.

Laraba, 22 ga Oktoba, da safe

Usaini ya ce ya kwance ledar, ya daɗe yana kallo, ya ce a gaishe da Hajja. Shi ke nan. A gaishe da Hajja.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan la'asar

An sallame ta. Tana gidan Nabila.

Na sa an yi wa inda gadon yake daɓen siminti. Ko ba mai zuwa, ba a bar ɗaki da rami ba.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da hantsi

Na share tsakar gida. Waya ba ta yi ƙara ba. Na sa Usaini ya kira ta da tasa don in ji ko lalacewa ta yi. Lafiyarta ƙalau.

Asabar, 25 ga Oktoba, da azahar

Gobe! Ridwanu ya kira Goni. Gobe da safe, kuma duk ranar Laraba zai zo ya kai ta a duba ta ya dawo da ita.

Tafasa ta sake tsirowa a bayan randa, marar kunya. An nome. An shimfiɗa leda a ɗaki, Usaini ya ɗauko katifar da ya yi ta yi min gori da ita, yana tafe yana murmushi, na ce ka ci gaba, ranar aurenka a kan ɓaraguzai za ka kwana. An ɗaura gidan sauro. Na ce wa mata babu kanofi babu guɗa, kowa ta zo da shuɗinta ta yi barka ta tafi, mai jego ba ta son hayaniya. Itacen nan dai ya sami aiki, girki za a yi da shi.

Na gwada miya babu gishiri babu kanwa. Goni ya kai loma ɗaya ya ce, "Hajja, me na yi miki?"

Lahadi, 26 ga Oktoba, bayan la'asar

Sun iso da hantsi. Ta rame, zoben hannunta har juyawa yake, amma da ƙafarta ta shigo. Ridwanu ya biyo ta da Dauda da ledar magunguna har ƙofar ɗaki, karonsa na farko da wuce zaure. Ya leƙa ciki, ya durƙusa ya ce, "Hajja, ga amana." Na ce ajiye min mijina ka tafi, ka cika mana gida.

Dauda ya yi min fitsari a sabon shuɗina. Na ce wa matan ku shaida, ya biya sadaki.

Da aka watse Rahima ta ce tana son ta watsa ruwa. Na ɗora 'yar tukunya, na sirka a bokiti, na kai bayan sabuwar zana. Ruwan da ko kaza ba zai fige ba. Na zaunar da ita a kan kujera 'yar tsuguno, na tsaya da hannu wayam, babu ganye, ban ma san ta inda ake farawa ba. Ta sa yatsa a bokitin ta ɗago ta dube ni.

Na ce yaya, ya yi zafi?

Ta ce, "Yadda kika ga ya dace, Iya."

Na ce ba ni zan shiga ba, ke za ki faɗa. Ta shiga wasa da ruwan. Na tsaya. Ƙafata ta gaji, ban motsa ba.

Can ta ce, a hankali, "A ɗan ƙara na sanyi."

Na je randa na ɗebo.